Warin Hagu na Takalmin Haruna

Ku da kuka sauka Agege a wannan rani, na ji abin da kuke faɗa a bakin masallacin unguwa. Wai in mutum bai sami dako ba, bai sami turin ruwa ba, sai ya haɗa akwati ya shiga shushaina kafin Allah ya kawo aikin gaske. Ɗayanku, ina zaune a wurin, har cewa ya yi ai shafa mai ne da gogewa, me ake koya a ciki. Ni ba mai magana ba ne a cikin taro, kuma kwanakin nan ba na iya daɗewa a zaune. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Sunana Isuhu, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Na shigo Legas ina saurayi a bayan motar shanu, ba ni da komai sai taguwa biyu da sunan mutumin da aka ce in nema, Baba Sanda mai gyaran takalmi. Shi haifaffen Agege ne, fataucin goro ya kawo kakansa. Yarbanci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuma cike take da kalmomin gari. Rumfarsa tana kusa da layin dogo, kwanon rufi biyu da benci ɗaya. In jirgi ya wuce sai gwangwanayen mai su yi ta rawa a kan tebur.

Wata uku bai bar ni na taɓa takalmin da yake da mai shi ba. Buhu ya ba ni na matattun takalma da aka tsinto a bola. Kullum da safe zai zaro ɗaya, ya goga shi da bango ko ya ja masa ƙusa, ya jefo mini.

"Kai ɗan ƙauye, duba nan. Ɗora masa aka yi, ko ɗebe masa aka yi?"

Na ce ban gane ba.

"To zauna nan har ka gane. Oya, duba."

Ga abin da yake nufi, in rage muku wata ukun. Tabon takalmi iri biyu ne. Akwai wanda wani abu ya bar masa: fentin danfo, wato motar hayar Legas, baƙin taya, farin bango. Wannan a bisa yake zaune, fata tana nan lafiya a ƙarƙashinsa. Akwai kuma wanda ya tafi da wani abu na takalmin, launi ya kuje ko fata ta tashi. Wanda bai sani ba duk ɗaya yake ganinsu. Sai ka bi da farce a hankali. In farce ya hau tudu, ɗorawa ce. In ya faɗa rami, ɗiba ce. Sannan ka jiƙa babban yatsa ka shafa wurin. In tabon ya ɓace da danshi ya dawo da ya bushe, bai yi zurfi ba, mai zai rufe shi. In kuwa yana nan yana kallonka, to ka gyara zama. Na ɗorawa cire shi ake yi, na ɗiba cike shi ake yi. Ku abin da za ku yi na sani: ku lafta baƙin mai a kan kowanne. Mutum zai tafi yana murna, ruwan farko ya wanke man, tabon ya fito, gobe in ya hango ku sai ya tsallaka titi.

Takalmin farko da na kashe na wata nas ne a Idi-Araba. Lokacin Baba ya fara sakina da akwati, ina yawo ina buga bayan burushi a jikin katako. Farin takalmi ne mai ƙyalli, da baƙin layi a gefe inda tayar keken marasa lafiya ta goge shi. Ɗorawa ce, wannan na gane daidai. Da na ɗiga man goge baki a tsumma, ko na bi shi da kilinar 'yan makaranta, da minti biyu sun isa. Amma na taɓa ganin wani a tasha yana cire tabo da fetur nan take, sai na ce bari in nuna gwaninta. Ban duba ba ko fata ce ko roba ce aka yi wa kamar fata. Ɗigo biyu kawai na sa. Farin ya narke ya biyo tsumma kamar ɓawon dafaffen dankali. Matar tana tsaye da silifas ɗina a ƙafarta, lokacin shigarta aiki ya yi. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallona ta yi ta ce, "Aboki, me na yi maka?"

Na kai wa Baba takalmin. Ya juya shi, ya shinshina, ya miƙa wa mai shayin da ke gefenmu.

"Shinshina ka ji. Yarona ya buɗe gidan mai."

Har shekara ta zagayo Manaja ake kirana a layin, wai manajan gidan mai. Baba da kansa ya hau danfo ya je ya ba matar haƙuri, ya yi abin da ya kamata. Ni kuma ya mayar da ni kan buhu wata guda.

Akwatin da kuke raina, ga abin da ke cikin nawa. Burushi uku: na ƙura, na baƙin mai, na mai ruwan ƙasa, kuma ba sa haɗuwa ko a mafarki. Tsohon burushin haƙori don bakin ɗinki. Tsumman singileti da ta sha wanki, domin sabon yadi karce fata yake yi. Sanfefa mai laushi wadda ta riga ta gaji a hannun kafinta. Guntun kyandir, gam, tsinken ashana, reza, basilla da zare. Ƙananan kwalaben rini guda biyar. Silifas da mutum zai taka kafin ka gama. Sai cokalin shayi.

Cokalin nan shi ne rabin aikina. In fata ta kuje, ƙananan gashinta tashi suke yi, shi ya sa wurin yake yin fari. Sai ka tsoma cokali a ruwan zafin mai shayi, ka share shi, ka shafa wa wurin ɗan kyandir, ka bi da bayan cokalin a hankali ta gefe ɗaya, kamar kana lallashi. Gashin ya kwanta, ramin ya cike. In wani ɓangare ya ɗago kamar harshe, kada ka yanke. Ka ɗebo gam da bakin tsinken ashana, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ka mayar da shi mazauninsa, ka danne da yatsa har ka gama karanta Fatiha sau uku. Haka Baba yake auna lokacinsa. Takalmi mai gashi-gashi kuwa, wanda samari suke so, mai ba ya taɓa shi sam. Tururin buta ake kara masa a bi shi da busasshen burushi. Na taɓa ceto wani ango da haka a Mushin, ana jiransa wurin ɗaurin aure, ƙofar danfo ta bar masa rawayan fenti a kan yatsu. Abokansa suna ta yi masa tsiya wai amarya za ta ɗauka kwandasta ta aura.

Sai launi. Baƙin takalmi yana yafe kuskure. Mai ruwan ƙasa ba ya yafewa. Rana tana cinsa, ruwa yana cinsa, launin da ya fito da shi daga shago ba shi ne a jikinsa bayan shekara ba. Dole ka haɗa rini da kanka, ɗigon ja, ɗigon baƙi, ɗigon rawaya, a murfin kwalba. Dokar Baba a nan ɗaya ce: duka biyun a gabanka, a inuwa, da hasken rana. Ko da wari ɗaya ne ya ji ciwo, biyun za a cire. In ka gyara ɗaya ya koma saurayi, sai ka ɗago ɗayan ya tarar da shi, ko ka sauko da wannan. Daidaita shekaru yake kiran abin. Na ga ya mayar wa wani babban ɗan kasuwa da takalminsa saboda ya ƙi cire na biyun.

In ka daɗe a sana'ar nan sai ka daina kallon fuska. Direban danfo, bayan dunduniyar damansa a cinye yake. Kwandasta, gefen yatsunsa a kuje, saboda dirowa mota tana tafiya. Ma'aikacin ofis, goshin takalminsa ne yake shan ƙafar tebur. Mutanenmu kuwa bayan takalmin a take yake, sau biyar a rana ana cirewa a ƙofar masallaci. Amma ba wanda takalminsa yake tona shi kamar ɗan okada, mai haya da babur. Warin hagu, a sama, daidai gindin babban yatsa, inda yake ɗaga ƙarfen giyar babur tun safe har yamma. Wurin yakan yi baƙin kwari mai santsi, fatar ta miƙe. Warin dama kuma zafin salansa yana ƙona masa dunduniya ta ciki. Ko a tarin takalman Juma'a zan ware muku nasu.

Haruna ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autanmu. Shekara goma sha biyar ce tsakaninmu. Ni na kawo shi Legas, bayan Baba Sanda ya rasu ya bar mini rumfa. Na zaunar da shi a kan buhu kamar yadda aka zaunar da ni. Sati biyu ya yi.

"Yaya, ni in na zauna ƙafata ƙaiƙayi take yi. Kai ma ban san yadda kake yi ba, mutum ya wuni yana kallon dugadugan mutane."

Ya yi kwandasta, ya koyi tuƙi, ya yi lasisi, ya ja danfo na wani lokaci. Daga baya ya ce ya gaji da faɗan masu mota, ya sayi babur. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu a gida wurin Inna, mahaifiyarmu. Da wata Sallah ya sayi takalmin fata na gwanjo mai ruwan ƙasa, mai kyau ƙwarai, ya kuma mayar da shi na aiki. Sauran 'yan okada da roba suke hawa. Na yi masa faɗa.

"Fasinja ƙafa yake fara kallo, Yaya. Ba kai ka koya mini ba?"

Shekarar kullen korona kowa ya san yadda ta kasance. Ofisoshi a rufe, wa zai sa takalmi a cikin ɗakinsa? Na koma ɗinkin silifas da manna tsinkakkun robobi. Da aka buɗe gari ma abin bai dawo daidai ba, samari sun koma kambas da robar nan mai ramuka wadda ruwa da sabulu suka ishe ta. Muna cikin haka aka tsananta hana okada a Ikeja da manyan tituna. Babur in aka kama shi ba ya dawowa. 'Yan okada suka shiga hawa a ɓoye ta lunguna, suna ƙetare babban titi da gudu, ido ɗaya a gaba ɗaya a baya. Waɗanda suka iya suka fara neman gadi da tuƙi. Amma masu gidaje da yawa ba sa son wanda ya taɓa yin okada, wai hannunsa bai san haƙuri ba. Sai ga su a rumfata ɗaya bayan ɗaya, kowa yana so a shafe masa tabon hagu. Wani malami da ke zama a bencina ya tambaye ni ko wannan ba ɓoye gaskiya ba ne. Na ce ni takalmi nake gyarawa, baki na mai shi ne.

Inna tana kirana duk Juma'a bayan masallaci. A shekarar nan maganarta ɗaya ce: "Isuhu, ka sauke mini yaron nan daga kan babur. Kai ka kai shi."

Wani ɗan garinmu da ke gadi a Ikeja ya kawo labari. Wata madam mai ƙaramar makaranta tana neman direban motar yara, tsohon direbanta zai ajiye aiki saboda ido. Da ɗaki a bayan makarantar, da hutun Lahadi. Sharaɗinta ɗaya, ba ta son ɗan okada. An sa gwaji ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe.

Ran Laraba bayan azahar Haruna ya tsaya a gaban rumfa. Bai kashe inji ba, domin masu kame suna zagaye a wajen layin dogo. Ya zare warin hagu ya jefo mini, na jefa masa silifas.

"Kawo ɗayan."

"Ɗayan lafiyarsa lau. Da me zan taka birki?"

"Haruna, sauko ka cire."

"Gobe da sassafe in zo ka shafa masa. Yaya, ga su can fa!"

Ya ja babur ya shige lungu.

Ban taɓa yin aiki irin na wannan yammacin ba. Na sallami mutum biyu da suka zo. Na fara wanke baƙin da robar ƙarfen giya ta ɗora, da ɗigon kananzir a bakin tsumma, na bari ya sha iska. Da baƙin ya tafi sai ainihin ciwon ya fito, kwari mai tsawon ɗan yatsa, fatar ta yi santsi kamar kwalba, rini ba zai kama ta ba. Na bi da sanfefa, ba gogewa ba, taɓawa kawai, har ta buɗe. Na cusa takarda a ciki dam don kwarin ya taso, na kara masa tururi, na bi da cokali sau ba adadi. Na cike abin da ya rage da kyandir da ɗan garin fata da na kankaro daga cikin harshen takalmin, inda ba a gani. Kafin la'asar in ka bi da farce ba tudu ba rami.

Saura launi. Na jera kwalabe, na ɗauki murfi. Na san dokar, ba mantawa na yi ba. Amma na ce wa kaina shekara biyu ina ganin takalmin nan kullum, launinsa yana cikin idona. Kuma in na jira safiya rini ba zai bushe ba. Na haɗa da ka. Na shafa sau uku, na bi da mai da ɗigon ruwa har fuskata ta fito a goshinsa. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Manaja, wannan ai sai a sa shi a gilashi." Shi kaɗai ya rage a layin da yake tuna wannan sunan. Na ji daɗin maganarsa, ba zan ɓoye ba.

Ruwa ya sauka da asuba. Haruna bai iso ba sai bakwai ta gota, da farar riga ta aro, a ƙafa, domin danfo zai hau. Ya zura warin hagu ya tsaya. Kallo ɗaya na yi na gani. Na hagu ya fi duhu, ya fi ja, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Na dama ya koɗe, rana ta mayar da shi kalar busasshen kara.

"Zauna. Minti ashirin."

"Yaya, ka ga gosulo kuwa? Tun daga nan har gada a tsaye ake."

"Minti goma."

"In na makara ai ko takalmin zinare na sa an gama."

Na durƙusa na shafa wa na dama mai a ƙafarsa, na bi da burushi. Mai ba rini ba ne, ƙyalli ya ƙara masa, launi yana nan yadda yake. Na ja bakin wandonsa ƙasa. Na ce, "Wando zai rufe. Je ka." Ni na faɗi wannan, ba shi ba.

Ya dawo bayan azahar, rigar aro a kafaɗa. Ya zauna a benci, abin da ba ya yi, ya ce mai shayi ya haɗa masa mai kauri. Yana dariya yake ba da labarin.

Gwajin tuƙi ya ci. Tsohon direban, wani dattijo Bayarabe, ya zagaya da shi cikin ruwa da cunkoso, ya sa shi ya yi baya-baya a ƙofa mai ƙunci, ya ce ya yi. Sai aka ce ya shiga ofis ya gaida madam.

"To Yaya, ka san mu. Ina zan shiga wurin babbar mace da takalmi? Dattijon har cewa yake shiga kawai, shiga kawai. Na ce a'a. Na cire na jera su a bakin ƙofa, kan farin tayil, rana ta fito tana dukansu."

Sun gama magana lafiya, har ta ce ya fara ran Litinin. Ta taso ta rako shi ƙofa. Nan ta gani.

"Ta ce, aboki, aron ƙafa ɗaya ka yi? Wallahi Yaya wasa take yi. Ni ma na yi dariya. Sai dattijon nan ya sunkuya ya ɗauki na hagu. Ya juya shi, ya ce aiki ya yi kyau. Sai ya zura hannu ciki."

Na san abin da ya taɓo. Waje na gyara. Shafin ciki yana nan da kwarinsa, inda babban yatsa ya daɗe yana tura ƙarfe. Da launin ya zo ɗaya, ba mai sunkuyawa.

"Ta tambaye ni, okada kake yi? Na ce e. Me zan ce, ido cikin ido? Ta ce tuƙina ya yi mata, da na faɗa tun farko da wataƙila ta duba. Amma wanda ya ɓoye wannan, in ya goge mota da yara a ciki, zai faɗa mata?"

Ya shanye shayin, ya miƙe, ya dafa kafaɗata.

"Kada ka ɓata rai, Yaya. Aikinka ne ya yi kyau da yawa. Gobe in za ka gyara, ka rage gwaninta."

Ran Juma'a Inna ta kira. Na ce mata ana kan nema.

Sati bakwai ya ƙara a kan babur. Na yi masa maganar gadi wuri biyu, ba a dace ba. Yakan wuce ta gaban rumfa ya danna oda, ya ɗaga mini ƙafar hagu in gani, baƙin ya fara dawowa. Sau biyu na ce ya tsaya in daidaita masa na dama. Ya ce na mene ne kuma yanzu.

Wata Talata kafin la'asar wani abokin hawansa, mutumin Maraɗi, ya zo rumfa a ƙafa. Bai yi sallama ba, ya tsuguna. Ya ce Haruna ya fito daga lungu zai ƙetare babban titi da sauri, babbar mota tana tahowa. Ban je na ga wurin ba, har yau ban bi ta nan ba. Mun yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Agege washegari da safe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an dawo, mutumin Maraɗin ya miƙo mini baƙar leda. Wayarsa, hularsa, lasisinsa, da takalmi wari ɗaya. Na dama. Ya ce sun duba ko'ina, har cikin kwata, ba su ga na hagun ba.

Ku da kuke cewa ba abin koyo a sana'ar nan, ga tambayar da na kasa amsawa bayan shekara talatin da ɗoriya. Wani lokaci in ce laifina shi ne ban tsare shi ya cire biyun ba, da na daidaita su da yanzu yana jan motar yara. Wani lokaci kuma in ce laifina shi ne na taɓa takalmin tun farko, da ya je da tabonsa ya faɗi gaskiya da wataƙila an ɗauke shi. In na zauna a kan ɗaya sai ɗayar ta tashe ni. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma rumfar na bar wa wani ɗan'uwa yana riƙewa. Na koma ɗaukar akwati kamar farkon zuwana, daga layin dogo zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa duk inda ƙafa ta kai ni. Wanda yake son koyo a cikinku ya tare ni da safe, ya kuma shirya tafiya.

Inna tana kira duk Juma'a har yanzu. Takan tambaya ko na ci abinci, ko ana ruwa a Legas. Ɗaya maganar ba ta sake yi ba.

Bayan sadakar bakwai na ɗauko warin daman na yi masa aiki. Ƙunar salansa ta ci dunduniyar sosai, sai da na kankare wurin da reza na cike. Na ɗinke inda titi ya farke shi a gefe, na kwantar da kujewar goshi da cokali. Kwana biyu na yi a kansa. Da na zo kan launi na jera kwalabe a inuwa, na ɗauki murfi. Ba abin da zan ajiye a gefensa in duba. Na daɗe riƙe da murfin, sannan na rufe kwalaben.

Da aka tashi rabon gado na haɗa kayansa na ba direban motar garinmu: tufafi, katifa, rediyo, waya. Kwana uku bayan haka Kawu ya kira, shi ne yake tsaye a kan rabon.

"Isuhu, kaya sun iso. Amma matarsa ta ce yana da wani takalmin fata da yake ji da shi. Ba mu gan shi a ciki ba. Ka san haƙƙin marayu ne, ko allura ce sai an lissafa."

Na ce, "Na sani, Kawu. Yana wurina."

"To me ya hana ka sako shi?"

Na ce, "Ban gama aikinsa ba tukuna."